Yadda ake gwada mikron jita kafin a canja shi: ido, mita, kamfas, sannan kunne

Wani yaro da ke kaɗa jita a ƙungiyar da muke zuwa bukukuwa tare ya shigo shagona a Garwa da tsakar rana, cikin watan Afrilu, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Jita a baya, ƙullin leda a hannu. Ya kwance ledar ya ajiye mini wani mikro mai layi biyu a kan tebur, wato abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki yana ɗaukar kaɗawarsu.

"Baba, a Kusiri na sayo shi. Mai shagon ya ce wannan 16 ne, nawa kuwa 6 ne kacal. Ina so a sa mini shi kafin Asabar."

Na ce, "16 ɗin me, ɗana?"

Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Da na matsa masa, sai ya ce shi dai muryar jitarsa ta dushe, idan ganguna suka tashi ba a jin sa ko kaɗan. Ya ɗauka babbar lamba ita ce babbar murya. Ba shi kaɗai ba ne, daga Marwa har Njamena haka ake cinikin mikro, ana kiran lambar da mitar auna wuta ta nuna kamar ana kiran nauyin rago. Lambar nan tana da amfaninta, amma ba ƙarfin sauti take aunawa ba. Ga yadda nake bi idan an kawo mini mikro biyu a ce in faɗi bambancinsu. Mu nan mikro muke cewa, kamar yadda makaɗa suka saba. Idan ka tsallaka Najeriya za ka ji ana kiransa pikof.

Abin da ke cikin cikinsa

Mikro ba ya jin sauti kamar kunne. Maganaɗisu ne da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana zaune a cikin jan maganaɗisun, idan ta kaɗa sai ta motsa wannan jan, motsin kuma ya haifi 'yar wuta a cikin naɗin, wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Ita ampili, wato akwatin ƙara sauti, ke karɓa ta girmama. Wannan ƙa'ida Michael Faraday ne ya gano ta a Ingila a 1831, shekara ɗari kafin George Beauchamp ya yi amfani da ita a jitar farko ta Rickenbacker a Amurka. Shi ya sa idan ka ɗaura tsirkiyar leda a jitar lantarki ba za ka ji komai ba, don maganaɗisu bai san leda ba.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: mita irin ta masu gyaran rediyo, sukundireba ƙarama, kamfas mai allura irin wanda ake duba alƙibla da shi, rula mai milimita, littafi da biro. Littafin nan kada ka raina shi. Bayan mikro na uku sai lambobi su cakuɗe maka a ka.

Mataki na farko: juya shi ka dubi bayansa

Kafin ka taɓa mita, sassauta tsirkiyoyi, kwance sukurorin, ka ɗago mikron a hankali. Kada ka ja shi, wayoyinsa gajeru ne.

Iri uku za ka fi haɗuwa da su. Na farko shi ne siriri mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster da ta fito a 1954. A na asali, ƙusoshi shidan nan da kake gani a sama su kansu ne maganaɗisun, an yi su da haɗin ƙarfen da ake kira alniko, wato alminiyam da nikel da kobalt a cikin baƙin ƙarfe. Idan ka juya bayansa za ka ga gindin ƙusoshin shida, babu wani abu manne. Idan kuwa ka ga baƙar sanda ɗaya ko biyu a liƙe da gam a ƙasa, to maganaɗisun siramik ne, ƙusoshin kuma baƙin ƙarfe ne zalla. Yawancin jitocin da ake shigo da su kasuwanninmu da araha irin wannan ne. Ba na cikin masu zagin siramik. Na ji wanda aka yi da kyau ya yi daɗi, na kuma ji alniko da aka naɗe da ganganci ya yi muryar gwangwani. Amma idan an karɓi kuɗinka da sunan alniko, ya kamata ka san abin da aka ba ka.

Na biyu shi ne P-90 na Gibson, wanda ya fito a 1946. Shi ma naɗi ɗaya ne, amma faffaɗa kuma gajere, da sukurori shida a tsakiya da sandunan maganaɗisu biyu kwance a ƙasa. Ba kasafai yake zuwa hannuna ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Muryarsa tana tsakanin sauran biyun.

Na uku shi ne mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, irin wanda yaron nan ya kawo. Seth Lover ne ya tsara shi wa Gibson, aka nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1955, ya fara fitowa a jikin jitoci a 1957. Naɗi biyu ne gefe da gefe, sandar maganaɗisu ɗaya a ƙarƙashinsu, ɗaya naɗin na kan wannan fuska ta maganaɗisun, ɗayan na kan waccan. Dalilin haka zai zo a gaba.

Tun a nan ka ɗauki rula. Auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta shida. Hambaka irin na Gibson yana kusan milimita 49 zuwa 50, wanda aka yi don jaki mai faɗi irin na Fender kuwa (jaki shi ne ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita) 52 zuwa 53. Sannan ka dubi ramin da zai zauna. Jitar yaron nan mai siraran mikro uku ce, ramin farantin da ke fuskarta ba zai ɗauki mai layi biyu ba sai an yanka, wataƙila har da sassaƙe katakon. Na nuna masa, ya ce, "Ai Baba sai a yanka." Na ce ya dakata tukuna.

Idan mikron yana da murfin ƙarfe, ɗan kankare shi ta ciki inda ba a gani. Idan ya nuna fari, murfi ne mai kyau. Idan ya nuna ruwan ɗorawa, tagulla ce aka shafa wa fari, ita kuwa tana cin kaifin murya.

Mataki na biyu: mita

Sa mita a kan om, ma'aunin turjiya, wato yadda waya ke tauye wucewar wuta, a gurbin 20k (k na nufin dubu). Idan mikron na hannu ne, ɗora tsinke ɗaya a wayar da ke ɗauke da sauti, ɗayan a wayar mas, wato wadda ake haɗawa da ƙarafan jikin jita. Kada ka riƙe bakin tsinkayen biyu da yatsunka, jikinka ma yana wuce wuta, balle da gumi. Idan yana jikin jita ba sai ka kwance komai ba: soka kebul, buɗe bolum har ƙarshe, ka auna a ɗaya bakin kebul ɗin, tsinke ɗaya a kan tsinin, ɗaya a jikin sandar. Sai ka riƙa juya makunnin zaɓi kana rubutawa.

Abin da ya kamata ka gani: siriri irin na Strat yakan nuna tsakanin 5.5k da 6.5k. P-90 da hambaka irin na da, 7.5k zuwa 8.5k. Masu naɗi mai yawa da aka fara yayi a shekarun 1970, irin su Super Distortion na DiMarzio da JB na Seymour Duncan, suna kaiwa kusan 13k da 16k. Idan ka auna ta bakin kebul lambar za ta ɗan ragu, don bolum yana haɗe a gefe: mikro mai 6k da bolum mai 250k zai nuna kusan 5.9k. Idan ka zaɓi mikro biyu a tare lambar ta faɗi zuwa rabi, wajen 3k, kada hankalinka ya tashi, haka ya kamata. Idan mita ta tsaya a kan 1 ko OL kamar ba ka taɓa komai ba, waya ta tsinke a wani wuri. Idan ta nuna sifili, wayoyi biyu sun haɗe.

To yanzu me lambar take nufi? Tsawon waya da kaurinta, shi ke nan. Wayar da aka fi naɗi da ita ita ce mai lamba 42, kaurinta milimita 0.063, kamar silin gashi. Kowace mita ɗaya ta tsawonta tana da turjiyar kusan om 5.4. Raba 6,000 da 5.4, za ka ga cewa a cikin ɗan mikron nan da bai kai tsawon yatsa biyu ba akwai waya fiye da kilomita ɗaya, an zagaya ta kusan sau 8,000. Yanzu a ce mai naɗin ya ɗauko waya mai lamba 43, wadda ta fi siranta, ya yi zagaye 8,000 ɗin dai. Mita za ta nuna wajen 7.5k, amma ƙarfin sautin kusan ɗaya ne, domin yawan zagaye da ƙarfin maganaɗisu su ne ke ba da wuta, ba turjiya ba. Kwatanta lambar om yana da ma'ana ne kawai idan mikro biyun ƙira ɗaya ne, waya ɗaya, maganaɗisu ɗaya. In ba haka ba kana gwada mudun Garwa ne da tiyar Kano.

Akwai kuma abin da ya taɓa ba ni kunya. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Masu ƙera mikro suna rubuta lambarsu ne a ɗaki mai sanyi, wajen digiri 20. Shagona rufin kwano ne, a watan Afrilu ya wuce digiri 40. Bambancin digiri 20 ya kai kashi 8 cikin ɗari, wato mai 6.0k zai nuna maka kusan 6.5k. Shekarun baya na auna wani da aka aiko mini daga Duwala, na ga lambar ta haura abin da ke jikin kwali, na kira mutumin na wanke shi tas, na ce jabu ya turo mini. Da hunturu ya shigo na sake aunawa da asuba, sai ga lambar daidai da ta kwali. Sai da na nemi gafararsa. Tun daga ranar, mikro biyun da zan kwatanta a tebur ɗaya nake ajiye su, su huta tare, in auna su a lokaci ɗaya.

Idan hambakan mai waya huɗu ne, nemo su bibbiyu da mita: kowace biyu da suka nuna lamba, naɗi ɗaya ne. Mai 8k zai ba ka 4k da 4k. A jere su ne 8k, a haɗe gefe da gefe 2k, naɗi ɗaya shi kaɗai 4k. Kada ka amince da launin waya. A wajen Seymour Duncan baƙa ce ke kai sauti, ja da fara ake ɗaurewa tare. A wajen DiMarzio ja ce ke kai sauti, baƙa da fara ake ɗaurewa. Waɗanda ba su da suna kuwa kowa da launin da ya ga dama.

Mikro mai batir, irin na EMG, wannan awon bai shafe shi ba, don akwai 'yar ampili a cikinsa. Batirinsa mai bolt 9 za ka auna, ka kuma riƙa zare kebul idan ka gama kiɗa, in ba haka ba batir na ci ko jita na rataye.

Mataki na uku: abin da mita ba ta gani

Nan ne gizo ke saƙar. Naɗin waya yana da wata ɗabi'a da ake kira indaktans, ana auna ta da henri. Yawan zagaye da yawan baƙin ƙarfen da ke cikin naɗin su ke ɗaga ta. Siriri irin na Strat yana da henri 2 zuwa 2.5, hambaka irin na da 4 zuwa 5, masu 16k kuwa sukan kai 8. Shi kuma kebul ɗin da ke tsakanin jita da ampili yana aiki kamar ƙaramin kondensa, abin da ke ɗan riƙe wuta, wanda ake aunawa da pikofarad, kusan 100 a kowace mita ta tsawonsa. Idan waɗannan biyun suka haɗu sai su zaɓi wani wuri a cikin sauti su ɗaga shi, duk abin da ke sama da wurin kuma su danne shi. Wannan tudun shi ne abin da kunne ke ji ya ce wannan jita tana da kaifi, waccan tana da kauri.

Na yi lissafin da kebul mai mita 5. Siriri mai henri 2.3 tudunsa na wajen haz 4,300 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, babbar lamba ita ce siririyar murya), inda sauti ke ƙyalli yana ratsa ganguna. Hambaka mai henri 4.5 yana wajen 3,100. Mai henri 8 ya sauko 2,300. Yanzu canja kebul zuwa mita 10: siririn nan ya faɗo wajen 3,200, mai henri 8 kuma ya gangara 1,700.

Na tambayi yaron, "Kebul ɗinka mita nawa ne?"

"Goma, Baba. Don in riƙa shiga cikin masu rawa."

Ka ga inda maganar ta dosa. Muryarsa ta dushe, maganin da ya sayo kuwa shi ne abin da zai ƙara dusar da ita. Mikro mai 16k zai fi tura ampili, gaskiya ne, kuma mai son sautin nan mai kauri da gurnani zai ji daɗinsa. Amma mai kaɗa siraran jimlolin nan na salon Kwango ko makosa, waɗanda ake son kowace tsirkiya ta fito tas kamar ana zuba tsaba a faranti, ba shi yake nema ba. Mu a filin biki ba ƙarfi ke ƙaranci ba, ampili na da bolum. Kaifi ne ke ɓacewa.

Idan kana da abokin da ke da mitar da ke auna henri, wasu masu gyaran waya da talabijin suna da ita, auna a kan haz 100 ko 120 ka rubuta kusa da lambar om. Wannan lamba ta fi ta om gaya maka yadda murya za ta kasance. Idan babu, kunne zai yi aikin a mataki na ƙarshe.

Bolum ma yana da hannu a ciki. Al'ada ita ce 250k ga siriri, 500k ga hambaka, 25k ga mai batir. Ƙaramar lamba tana rage tsinin tudun, babba tana barin sa. Idan ka sa hambaka a kan 250k zai yi duhu, idan ka sa siriri a kan 500k zai iya yin tsini har ya soki kunne. Lambar tana rubuce a bayan bolum ɗin, amma ka cire waya ɗaya ka auna ƙafafun gefe biyu, don na sha ganin an rubuta 500k mita ta nuna ƙasa da haka nesa.

Mataki na huɗu: kamfas da ƙugi

Wutar gidajenmu a Kamaru da Chadi tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Naɗi ɗaya yana kama wannan juyi daga tiransifoma da wayoyin bango da janareta, ya kai wa ampili, shi ne ƙugin nan da ake ji idan an yi shiru. Hambaka maganinsa aka yi shi. Naɗinsa biyu suna kama ƙugin daidai wa daida amma a juye, sai su kashe juna; sautin tsirkiya kuwa, da yake fuskar maganaɗisun ma a juye take, sai ya haɗu ya ƙaru.

A jita mai siraran mikro uku ana yin wannan dabara da na tsakiya: a juya naɗinsa, a juya maganaɗisunsa. Don ka gane ko taka haka take, kawo kamfas kusa da saman kowane mikro ka ga wane bakin allura ne ke juyowa. Idan na kusa da wuyan jita da na kusa da jaki sun ja baki ɗaya, na tsakiya ya ja ɗaya bakin, to da alama an yi dabarar, kuma a matsayi na 2 da na 4 na makunni ƙugin zai ɗauke. Yaron nan bai taɓa sanin jitarsa na da wannan ba. Na kunna ampili kusa da fanka, na juya makunni daga 1 zuwa 2, ƙugin ya yi tsit, ya zaro ido.

Idan za ka haɗa mikro na kamfani daban da waɗanda ke jikin jita, sai ka gwada ko suna tafiya tare. Mita mai allura ta fi daɗin wannan aiki. Sa ta a gurbin bolt mafi ƙanƙanta, haɗa tsinkaye, kwantar da sukundireba a kan ƙusoshin, sannan ka fizge ta sama da sauri. Allura za ta yi tsalle dama ko hagu. Yi wa ɗayan haka, jan tsinke dai a kan wayar sauti. Idan sun yi tsalle gefe ɗaya, lafiya. Idan sun saɓa, duk lokacin da ka zaɓe su tare murya za ta fito siririya kamar mai magana ta hanci, sai ka musanya wayoyin ɗaya daga ciki.

A kula: kada a ajiye mikron alniko a kan maganaɗisun lasifika. Yana iya rage masa ƙarfi. A shago irin nawa da lasifikoki ke zube ko'ina, a kwali nake sa su can saman kanta.

Wani ƙarar kuma daban yake da ƙugi, shi ne zizar nan da ke raguwa idan ka ɗora hannu a kan tsirkiya. Wannan daga fitilu da cajojin waya yake zuwa, kuma shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin jita a haɗa ta da mas yana rage shi. Idan taɓa tsirkiya bai canja komai ba, wayar mas da ke zuwa jaki ta cire. Idan ƙara ya ƙaru, duba ko an juya wayoyin ramin kebul. Idan kuwa tsirkiya na ɗan cizon hannu ko makirufo na cizon leɓe, ajiye jitar, matsalar tana wajen ampili ko janareta, kuma ba abin wasa ba ce.

Mataki na biyar: tsayi

Kafin ka yanke wa kowane mikro hukunci, daidaita tsayinsa, don rabin ƙorafin da ake kawo mini a nan yake ƙarewa. Danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, ka auna daga saman ƙusa zuwa ƙasan tsirkiyar. Ga siriri, fara da milimita 2.4 a gefen masu kauri, 2 a gefen sirara. Hambaka yana jure matsowa kusa fiye da haka kaɗan. Na yaron nan sun nutse, na jaki ya fi milimita 5, soson da ke ƙarƙashinsa ya mutu saboda zafi. Kada kuma ka yi zari ka ɗago shi har ya kusa taɓa tsirkiya. Ƙusoshin alniko suna jan tsirkiya mai kauri, sai ka ji murya na rawa kamar biyu ne ke faɗa, ka yi ta ɗaure jita ba ta ɗauru.

Share ƙurar ƙarfen da ke manne a kan ƙusoshi da salatif, ba da burushin ƙarfe ba. Bayan hunturu za ka sha mamakin abin da zai fito.

Mataki na shida: ƙwanƙwasa, sannan ka saurara

Buɗe ampili sosai, danne tsirkiyoyi da tafin hannu, ka ƙwanƙwasa murfin mikron da farce ko biro na roba. Ɗan sauti kaɗan ba laifi. Idan ya amsa da ƙarfi kamar makirufo, ko ya fashe da tsuwa da zarar ka matso lasifika, naɗinsa ya saki, wayoyin suna rawa a ciki. Maganinsa jiƙa shi a cikin kaki: kashi huɗu na kyandir, kashi ɗaya na kakin zuma, wanda ba ya wuya a wajen masu zuma na Ngaundere. Narka shi a gwangwani da ke zaune cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, don kaki na kamawa da wuta. Zafin kada ya wuce digiri 65. Saka mikron minti 10 zuwa 20 har kumfa ta daina fita, ka ɗago shi ka goge. Na farkon da na yi, a kan gawayi na ɗora gwangwanin na tafi sallar la'asar. Da na dawo robar ta lanƙwashe kamar kifin da aka soya. Mai batir ba a yi masa wannan, shi a rufe yake tun daga masana'anta.

Sai sauraro. Sababbin tsirkiyoyi, kebul ɗaya, ampili ɗaya ba tare da an taɓa maɓallanta ba, tsayi ɗaya. Ajiye wayarka a wuri ɗaya ka ɗauki jimla ɗaya da kowane mikro, ka kaɗa a hankali sannan da ƙarfi. Kada ka saurara nan take, don kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi daɗi ba. Bari sai gobe, ka sa wani ya kunna maka ba tare da ya faɗi wanne ne ba, ya daidaita ƙarfinsu. In da hali a yi gwajin ana buga ganga a gefe, tunda a cikin ganguna za ka yi aiki, ba a ɗaki kai kaɗai ba.

Yaron nan ba mu yanka farantinsa ba. Na sa sabon soso na ɗago mikro ukun, ya sayo tsirkiya, na yanke kebul ɗinsa gida biyu na liƙa sababbin kawuna da dalma, ya tashi da kebul biyu masu mita 5. Ya ɗan ɓata rai, wai yanzu ba zai kai tsakiyar fili ba. Na ce ya matso da ampili gaba. Hambakan mai 16k kuwa yana cikin kwali a saman kanta, na rubuta masa 16.9k, Afrilu, da rana, yana jiran wani mai jita mai faffaɗan rami da ya ce zai zo daga Marwa ya gwada shi.